Kasuwar Marwa

Marwa, wadda ake rubutawa Maroua da Faransanci, ita ce babban birnin Yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, kuma hedikwatar gundumar Diyamare. Garin yana gindin duwatsu, kogin Kaliyawo ya ratsa tsakiyarsa, na Tsanaga ya bi ta kudu. Dukansu rafukan damina ne, da rani sai rairayi. An san Marwa da kayan fata, da kilishi, da albasa, da inuwar dogon yaro wadda ta rufe manyan titunanta.

Tarihi

Giziga ne mazauna wurin na farko da aka sani. A farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi, Fulani suka karɓe garin suka kafa sarautar Lamiɗo a ƙarƙashin Adamawa. A watan Janairun 1902 sojojin Jamus, Hans Dominik na jagorantarsu, suka ci rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola da yaƙi a kusa da garin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mulki ya koma hannun Faransa. A 1983 Marwa ta zama babban birnin lardi, a 2008 aka kafa jami'arta.

Kasuwar ta girmi duk waɗannan ofisoshi. Garin yana kan hanyar fatake tsakanin Borno, Mandara, kogin Logon da Binuwai, shi ya sa Barebari da Hausawa suka daɗe a cikinsa da fatauci, jima, rini da dukanci. Fulatanci ne harshen ciniki, Faransanci na takarda. Mai jin Hausa kaɗai ba zai ɓata ba, musamman a wajen mahauta, 'yan goro da 'yan canji.

Rana da lokaci

Babbar kasuwa tana unguwar Funange. Kullum tana ci, amma Litinin ce ranarta, ran nan ne mutanen ƙauye suke shigowa da hatsi, wake, gyaɗa, kaji da tukwane. Mai son zaɓe ya zo kafin ƙarfe 10 na safe. Mai son araha ya jira bayan La'asar, sa'ad da baƙauye ya gwammace ya karyar da kaya a kan ya koma da su. Ranar Juma'a rumfuna da yawa sukan rufe kafin a tafi masallaci.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, yawon kasuwa da tsakar rana kuwa neman jinya ne.

Kuɗi da ciniki

Sefar Afirka ta Tsakiya ake kashewa. Ta Nijar, ko da darajarsu ɗaya, ba a karɓarta a rumfa sai an canza. Naira ma haka. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne lissafin dala: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka ɗaya sefa 1,000, wadda Fulani ke kira boro. Idan mai kaya ya ce “ɗari”, a tambaye shi, “Alhaji, ɗarin dala ko na sefa?” domin tsakaninsu ninki biyar ne. Ana biya ta Orange Money ko MTN a manyan shaguna, amma mai tallar ƙasa sai tsaba, kuma takardar 10,000 da sassafe ba ta samun canji.

Gaisuwa kafin tambayar kuɗi. A kayan abinci kuɗin kusan sananne ne, gyara ake nema, ba ragi ba. A kayan hannu kuwa sai an taya. Idan aka ce “albarka”, a ƙara kaɗan. Idan aka sallama, ba a fasawa. Yaron da ya liƙe wa baƙo yana nuna masa rumfuna, la'adarsa tana cikin kuɗin kayan.

Kayan fata

Nan ne sunan Marwa yake. Kusa da babbar kasuwa akwai cibiyar masu sana'ar hannu, inda dukawa, masaƙa, maƙera da masu ɗinkin hula suke baje kaya, da ƙaramin gidan tarihi a gefenta. Fatar kuwa daga majemar gari take fitowa, kuma jimar gargajiya ce. Ana jiƙa fatar akuya ko ta tunkiya a ruwan toka ko farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan kashin tsuntsaye don ta yi laushi, sannan a jeme ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. Daga nan a shafa mai, a shanya a inuwa. Jan launi na asali daga karan dafi ake samunsa, ko da yake garin rini na kanti ya mamaye aikin yanzu.

Kowane mataki da aka gaggauta yana da alamarsa. Fatar da bagaruwa ba ta ratsa ba, in an duba bakin yanka za a ga tsakiyarta fari, kuma da damina ta faɗi sai ta tashi da wari. Wadda aka shanya a rana tana tsagewa idan aka lanƙwasa ta. A jiƙa farin ƙyalle a goga a jikin jaka: in ya ɗauki launi, haka zai yi wa riga. A takalmi a ɗaga bakin tafin a ga ko ɗinki ne ko gam kaɗai, domin gam ba ya jure zafin ƙasar nan. A jaka kuma a matsa gindinta, wasu kwali suke cusawa don ta tsaya. Tintimin zama, wato matashin fata, gara a saye shi ba cushe, a naɗe a tafi da shi. Kayan fatar kada, mesa ko damo suna ɗaukar ido, sai dai dokar kare namun daji ta shafe su, kwastan na iya ƙwacewa a kan iyaka.

Wanda zai kwana biyu ya ba da aiki a yi masa. Baduku zai auna ƙafa a takarda, a ba shi rabin kuɗi, sauran sai an ga kaya.

Abinci

Tuwon dawa ne abincin gari, har da na masakwa, dawar da ake dasawa a laka bayan ruwa ya ɗauke. Ana cinsa da miyar yakuwa, wadda ake kira folere, ko kuka, ko kuɓewa da busasshen kifin tafkin Maga. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai. Da yamma tsire, wanda a Kamaru ake ce wa soya, da gasasshen kifi a titin unguwar Domayo, inda garin yake hira har dare.

Kilishin tsaraba a saye shi a inda ake yinsa. Mai kyau yana karyewa, labunsa ba ya zuba. A bari ya huce, a naɗe a takarda. In aka ɗaure shi da ɗumi a leda, gumi zai sa ya yi fumfuna kafin a isa gida.

Zuwa da kewaye

Garwa tana da nisan kilomita 200 da 'yan kai ta hanyar ƙasa mai lamba 1. Jirgin ƙasa a Ngaundere ya tsaya, daga can sai mota. Filin jirgin sama yana Salak, wajen kilomita 20 kudu da gari. A cikin gari babur ne abin hawa, a daidaita kuɗi kafin a hau.

Kasuwannin maƙwabta kowace da ranarta: Mora Lahadi, Mokolo Laraba, Bogo Alhamis, wadda ta yi suna da shanu. Dutsen Mindif yana kudu, ana zuwa a dawo a wuni. Tun bayan hare-haren bam da aka kai garin a Yulin 2015 shingayen bincike suka yawaita a hanyoyin yankin, saboda haka katin shaida ba ya rabuwa da aljihu, kuma mai nufin Mora ko gandun dajin Waza ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar da zai tashi.