Wanke haƙori a asibiti ba ya sa shi girgiɗi

A Jos, daga Unguwar Rogo har Gangare, an daɗe ana cewa in likita ya wanke maka haƙora da inji to ya kankare ƙarfinsu, za su fara girgiɗi su buɗe giɓi. Wannan magana ta hana mutane da yawa zuwa asibiti, kuma tana damuna ƙwarai.

Dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, in ta kwana biyu, kanta take yi ta daskare kamar dutse, buroshi ko asuwaki ba sa iya ɓamɓare ta. Ita ke kumbura dasashi, ya riƙa jini, a hankali ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Injin likita karkarwa yake yi yana feshin ruwa, kantar kaɗai yake farfasawa. Giɓin da harshenka ke ji bayan an gama, dama can yana nan, datti ne ya toshe shi. Haƙoran kan ɗan yi tsami na 'yan kwanaki, musamman da ruwan sanyin Jos lokacin hunturu, sannan ya wuce.

A gida, a goge sau 2 kullum, minti 2, da man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, gogewar dare ta fi muhimmanci. Yara ma haka, kada a ce ai haƙoran nono ne za su famfare, domin su ke riƙe wa na dindindin gurbi. Ɗan ƙasa da shekara 3, man da za a sa masa kada ya wuce ƙwayar shinkafa.