Mashayar lungu a Ingila: daga ina ta fito, kuma me ke cikinta?

Wai me ya sa a tsofaffin unguwannin Ingila kusan kowane lungu sai ka ga gidan giya?

Aikin wata doka ce ta 1830. Lokacin hukuma ta damu da yadda talakawa ke kwankwaɗar wata barasa mai ƙarfi da ake kira jin, sai aka ce to duk magidancin da ke biyan haraji in ya biya fam 2 da sule 2 a ba shi lasin ya rinƙa sayar da giya, wadda ba ta kai jin ƙarfi ba, a cikin gidansa, ba sai ya je gaban majistare ba. Ai kuwa dubban mutane suka maida falonsu wurin sana'a, musamman a garuruwan masana'antu irin Manchester da Leeds. Sai a 1869 aka maida ikon ba da lasin hannun majistare, amma kafin nan lunguna sun riga sun cika.

To leburan masaƙa me yake nema a can, giya kawai?

A'a. Gidansa ɗaki biyu ne ga yara ga sanyi ga duhu, can kuwa akwai wutar gawayi da fitila da jarida da abokan hira, kamar dai majalisar ƙofar gida. Ƙungiyoyin taimakon juna ma a nan suke taro. Amma fa ɓarnar ba kaɗan ba ce, don wasu iyayen gida a cikin mashayar suke biyan albashi, mutum ya karɓa ya shanye a wurin matarsa na gida tana jiran kuɗin cefane, sai a 1883 aka hana wannan. Ni wannan ɓangaren yana min ciwo sosai.

Cikin wurin ya yake?

Nan ne abin kallon yake, don ba zaure ɗaya ba ne, ƙananan ɗakuna ne kowa da matsayinsa. Akwai ɗakin gama-gari na leburori, daɓen katako an barbaɗa garin katako saboda tofe-tofe, benci mai tauri, allon jifan kibiya a bango. Gefe kuma ɗakin akawu da 'yan kasuwa mai kafet da kujerun kushin, giyar dai ita ce amma sai an ƙara kuɗi. Sannan ga wani ɗan mitsitsin ɗaki da suke ce wa snug, mai gilashi dishi-dishi, na wanda baya so a gan shi, mata ko ɗan sanda ko limamin coci. A mashayar The Lamb da ke Landan har yanzu akwai ƙananan gilasai masu juyawa a kan kanta waɗanda aka sa don mai hali ya sha abinsa ba tare da an ga fuskarsa ba. Wasu gidajen suna da 'yar taga inda ake miƙo jug a cika a tafi da shi gida. Gangunan kuwa suna ƙarƙashin ƙasa, da famfon hannu ake jawo giyar sama. A waje wasu an lulluɓe su da tayil mai ƙyalli, na mashayar Peveril of the Peak a Manchester kore ne shar.

Har yanzu akwai irinsu?

Kaɗan suka rage yadda suke. Daga shekarun 1960 kamfanonin giya suka yi ta fasa bangayen suna haɗe ɗakunan, aka kuma rushe unguwanni da yawa. Ƙungiyar CAMRA ta masu kare giyar gargajiya da aka kafa a 1971 tana ajiye jerin waɗanda cikinsu bai canza ba. Kuma mutanen unguwa basa wasa da su, a 2015 wani kamfani ya rushe mashayar Carlton Tavern a Landan ba izini, ƙaramar hukumar Westminster ta ce sai ya sake ginawa yadda yake bulo bayan bulo, aka sake buɗewa a 2021.