Wane Ne Mawaƙin "Indi"?

Tun da aka kafa Hukumar Nishaɗi ta Saudiyya a 2016 aka buɗe ƙofar wasannin kiɗa a bainar jama'a, kalmar "indi" ta cika bakin matasanmu na Jidda da Riyad. Masu gabatar da shirye-shirye ma sun ɗauka. Duk yaron da ya rataya jita ya tara gashi, sai ka ji an ce ai ɗan indi ne. Wata baba a Makka kuwa ta ɗauka waƙar Indiya ake nufi, kuma ita ba ta ba ni haushi ba kamar masu makirfo.

Kalmar guntuwa ce daga Turancin "mai zaman kansa", abin da Larabawa ke ce wa mustaƙill. Ba ta da ruwa da irin sautin da ke fita. Tambayarta ɗaya ce: wa ya biya kuɗin ɗaukar waƙar, kuma wa ke da mallakar faifan asali? In babban kamfanin faifai ne irin Universal ko Sony ko Warner, ko Rotana a nan yankin, to magana ta ƙare, ko da mawaƙin yana yawo da yagaggen wando. Bahaushe ya riga ya raba wannan gardama tuntuni, da ya ware makaɗin fada mai ubangida daban, makaɗin jama'a da ke ci daga hannun 'yan kallo daban.

A duba ƙungiyar rok ta Fugazi a birnin Washington na Amurka. Mawaƙinta Ian MacKaye yana cikin waɗanda suka kafa ƙaramin kamfanin Dischord a 1980, a nan suka fitar da duk faya-fayansu. Daga 1987 zuwa 2002 sun yi wasa fiye da sau 1,000. Kuɗin shiga galibi dala 5, ba a hana ƙananan yara shiga, ko riga mai sunansu ba sa sayarwa. Manyan kamfanoni sun yi ta zawarcinsu, suka ƙi. Me ya ba su ƙarfin ƙi? Mutanen da suka kalle su bara sun dawo bana da abokansu. Wanda ke da masu biyan kuɗin ƙofa a gari hamsin ba ya jin tsoron a daina sa shi a rediyo.

Wannan ne masu shirye-shiryen namu ke tsallakewa. A da, 'yan rok na Jidda a istiraha, wato gidan hutu na haya, suke wasa ko a farfajiyar gidajen da ke da katanga, labari na tafiya daga baki zuwa baki, su ɗauki kayan sautinsu da kansu. Yau akwai Hukumar Kiɗa tun 2020, akwai bikin Soundstorm na Riyad tun 2019. Madalla, babu mai kewar ɓuya. Amma hawa babban dandalin da wani ya biya, gaban taron da ya zo kallon wani tauraro daga waje, bai nuna kana da jama'a ba. Haka yawan masu kallo a TikTok. Ni kam, kafin in yarda da sunan, sai na ga ƙungiya ta kama ƙaramin zaure da kuɗinta ranar Talata, ta sayar da tikiti, mutane sun zo, sannan ta sake kamawa wata mai zuwa.