Binciken saran maciji a Kaltungo

Kaltungo gari ne a kudancin Jihar Gombe, a ƙasar Tangale, kan hanyar Gombe zuwa Yola. A fagen likitanci an san shi da asibitinsa na saran maciji, inda ake kawo majinyata daga Gombe, Bauchi, Adamawa da Taraba. Yawancinsu manoma ne da makiyaya, kuma sun fi yawa da damina da lokacin girbi, sa'ad da ƙafa da hannu ke cikin ciyawa.

Macijin da ya fi yin ɓarna a yankin shi ne kububuwa, wadda ake wa laƙabi da "gobe da nisa". Ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya zuwa asibiti da ƙafarsa yana hira, kumburi kawai ake gani, daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari ko ta tsohon rauni. Rahotannin da likitoci suka rubuta kan ɗaiɗaikun majinyata sun nuna inda abin ya fi muni: zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, da ɓarin ciki ga mata masu juna biyu. Kasa da kumurci su ma suna sara, sai dai tasu illar ta fi tsayawa kan ruɓewar nama.

Gwajin da ake dogaro da shi ba ya buƙatar na'ura. Ana ɗiban jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. In an karkata kwalbar jinin ya gudana, to dafi ya shiga jiki, sai a ba da makari ta jijiya, a maimaita gwajin bayan awa 6. Likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka kafa wannan hanya.

Babban aikin da ya fito daga Kaltungo shi ne na ƙungiyar EchiTAb, haɗin gwiwar Najeriya da Birtaniya. An samar da makari iri biyu: EchiTAb G daga jinin tumaki a Birtaniya, na kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus daga jinin dawaki a Kosta Rika, wanda ya haɗa da kasa da kumurci. A sakamakon da aka buga a 2010, an gwada su kan mutum 400. Cikin awa 6 jini ya koma daskarewa ga kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba na dawaki, da wajen kashi 76 na waɗanda aka ba na tumaki, ko da yake na dawakin ya fi jawo ƙaiƙayi da makamantansa.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne jinkiri. Tsaga wurin sara, ɗaure ƙafa da igiya da shan jiƙo ba sa kashe dafi, tsagar ma ƙara buɗe wa jini hanya take yi. Ga nisan ƙauyuka, ga yankewar makari lokaci zuwa lokaci. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi zuwa 2030.