Fasahar Koyarwa ta Zamani a Aikin Jagoranci da Ba da Shawara a Makarantun Sakandare

Wannan fanni ya ƙunshi amfani da kwamfuta, intanet, majigi, wayar salula da manhajoji wajen taimaka wa ɗaliban sakandare a kan karatunsu, zaɓen sana'a da matsalolin rayuwarsu. Shi kansa aikin ba da shawarar sana'a ya girmi waɗannan na'urori da shekaru masu yawa, domin a 1908 ne Frank Parsons, ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni, ya buɗe ofishinsa na ba da shawarar sana'a a birnin Boston na Amurka, bisa ra'ayin cewa matashi ya fara sanin kansa, ya san sana'o'in da ke akwai, sannan ya auna su da juna.

Kwamfuta ta shiga aikin ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da JoAnn Harris-Bowlsbey, wata malamar ba da shawara, ta jagoranci ƙirƙiro tsarin CVIS, wato tsarin kwamfuta mai ba ɗalibai bayanan sana'o'i, a wata makarantar sakandare ta jihar Ilinoyi a Amurka, daga baya kuma aka samu wasu tsare-tsare irinsa, SIGI da DISCOVER. Manhajoji da dama na yau sun ginu a kan rabe-raben masanin halayyar ɗan Adam John Holland, wanda ya kasa sha'awar aiki gida 6: aikin hannu, bincike, ƙirƙira, hidimar jama'a, kasuwanci da shugabanci, da kuma tsara bayanai. Ɗalibi yana zama a gaban allon kwamfuta ya amsa tambayoyi, alal misali ko ya fi jin daɗin gyara inji ko koyar da ƙananan yara, manhajar kuma ta fitar masa da sana'o'in da suka dace da amsoshinsa. Amfanin sakamakon yana bayyana ne idan malamin ba da shawara ya zauna da ɗalibin, ya duba makinsa na lissafi da kimiyya, ya kuma ji abin da iyayensa ke fata, tunda manhaja ba ta san halin gidan da yaro ya fito ba.

Ta fuskar adana bayanai, rumbun kwamfuta yana nuna wa malami ɗalibin da fashinsa ya yawaita ko makinsa ya faɗi tun kafin abin ya ta'azzara. Rufe makarantu da annobar korona ta jawo a 2020 ya tilasta mayar da ganawa da ɗalibai zuwa kiran bidiyo da saƙonnin waya.

A wannan ɓangaren na ganawa daga nesa ne rauni ya fi fitowa. Yarinyar da ake cin zalinta a gida da wuya ta buɗe baki ta waya alhali mai cutar da ita yana ɗaki ɗaya da ita, kuma malami ba ya ganin rawar hannu ko sunkuyar da kai da kan fallasa damuwa. Akwai kuma batun sirri, domin bayanan ƙananan yara na buƙatar kalmar sirri, taƙaita masu iya buɗe su, da bin dokokin kare bayanai na kowace ƙasa. Makarantun da ba su da tsayayyiyar wutar lantarki ko intanet sukan dogara da bidiyon da aka riga aka sauke da kuma gajerun saƙonnin waya.