BMW M3 E46: kulawa, gyara da shirya ta don titi da filin tsere

BMW M3 E46 mota ce mai gudu da sashen M na kamfanin BMW ya ƙera a Jamus daga 2000 zuwa 2006. Ita ce ta uku a jerin M3, an kuma gina ta a kan gangar jikin BMW 3 Series ta wancan zamani. An yi ta ne don ta ɗauki mutum huɗu a kan titi kamar kowace mota, ta kuma shiga filin tsere ba tare da an sauya mata komai ba. A yau mafi yawansu sun haura shekara ashirin, saboda haka zancen ƙara musu ƙarfi yana zuwa ne bayan an magance lalurori uku da aka san motar da su: metal ɗin inji (siraran ƙarafan da ke tsakanin sandar fistin da kirankshaf), na'urar VANOS mai sauya lokacin buɗewar bawul, da tsagewar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya.

Tarihi

M3 ta farko, wato E30, ta fito a 1986 da inji mai silinda huɗu. Dokar gasar Group A ce ta haife ta, domin sai kamfani ya ƙera aƙalla mota 5,000 na titi kafin a yarda ya shiga tsere da irinta. Ta biyu, E36, ta zo a 1992 da silinda shida, ta fi ta farko daɗin zama amma wasu masoya suka ce ta yi laushi. An nuna samfurin E46 a bajekolin motoci na Frankfurt a 1999, sannan aka gabatar da ta sayarwa a Geneva a watan Maris na 2000. Mai buɗaɗɗen rufi ta biyo baya a 2001. An haɗa su a masana'antar Regensburg, kuma adadin da aka yi ya ɗan haura 85,000.

A 2001 kamfanin ya shiga gasar American Le Mans Series da M3 GTR, wadda aka sa wa injin V8 mai lita 4 da babu shi a motar titi. Ta lashe rukunin GT a shekarar, Jörg Müller ya zama zakaran direbobi. Abokan hamayya suka yi ƙorafin cewa wannan ba motar kasuwa ba ce, aka tsaurara doka a 2002, BMW ta janye. GTR ɗin ta sake bayyana a tseren awa 24 na Nürburgring, inda ta zo ta ɗaya da ta biyu a 2004, ta maimaita haka a 2005.

A 2003 aka fitar da M3 CSL, guda 1,383 kacal, a launi biyu, toka-toka da baƙi. An rage mata nauyi da kimanin kilo 110 ta hanyar yi mata rufin kabon da cire kayan alatu, aka ɗaga ƙarfinta zuwa doki 360, aka sa mata manyan faifan burki na gaba masu faɗin milimita 345. Ba a sayar da ita a Amurka ba. A ƙarshen zamanin motar an ɗebi wasu kayan CSL, kamar burkin da sitiyarin mai saurin juyawa, aka sa a wani samfuri da ake kira Competition a Amurka, CS a Birtaniya. Har yanzu CSL ce ma'aunin da masu gyara ke kwaikwayo.

Injin S54

Silinda shida ne a jere, girmansa cc 3,246 (kimanin lita 3.2), gangar ta baƙin ƙarfe ce, kan kuma na alminiyam mai bawul 24. Kowace silinda tana da nata maƙogwaron iska. A samfurin Turai yana ba da ƙarfin doki 343 a juyi 7,900 cikin minti ɗaya, iyakarsa kuma juyi 8,000. Na Amurka doki 333 ne, kuma an dasa masa matatar hayaƙi a jikin bututan da ke fitowa daga kan inji. Fistin yana tafiyar milimita 91 a kowane bugu, wanda doguwar tafiya ce ga injin da ke juyi haka. Daga nan ne nauyin da ke kan metal ya samo asali.

Baƙin man da kamfani ya tsayar shi ne 10W-60, kimanin lita 5.5 tare da filta. Mai ne mai kauri, yana kuma ɗaukar lokaci kafin ya yi ɗumi. Shi ya sa agogon juyin inji yake da jerin fitilu da ke kunnuwa daga wajajen 4,000 idan injin yana da sanyi, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da mai ke ɗumama. Taka totur ya wuce inda fitilun suke na daga manyan abubuwan da ke cinye metal. Injin ya fi son fetur mai oktan 98.

Bawul ɗinsa ba sa saita kansu. Ana auna su a lokacin babban sabis, injin yana da sanyi: giɓin na shigar iska milimita 0.18 zuwa 0.23, na fitar hayaƙi 0.28 zuwa 0.33. Ana gyara giɓin da wasu ƙananan ƙarafa masu kama da ƙwayar magani, waɗanda ake ɗauka da tsinke mai maganaɗisu. Kafin a fara, makanike yana toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsabta, don idan guda ɗaya ta zame ta faɗa ciki, aikin awa uku zai iya komawa sauke kaskon mai.

Metal

Metal su ne siraran ɓawon ƙarfe da ke tsakanin sandar fistin da kirankshaf, guda goma sha biyu, biyu a kowace sanda. Mai ne kaɗai ke raba su da ƙarfen da ke juyawa. A motocin farko da yawa sun ci wuta tun motar tana sabuwa, musamman waɗanda aka ƙera daga ƙarshen 2001 zuwa farkon 2002. BMW ta kira motoci ta sauya musu, daga baya ta faɗaɗa kiran zuwa waɗanda aka yi har wajajen tsakiyar 2003, a Amurka kuma ta tsawaita garantin sassan da mai ke ratsawa zuwa shekara shida ko mil 100,000. Ana saɓani kan ainihin dalilin: wasu na ɗora laifin a kan ƙarancin giɓi da siranta metal ɗin, wasu a kan kaurin mai da halin direbobi.

Abin da ba a saɓani a kansa shi ne, metal ɗin S54 kayan ci ne kamar fad ɗin burki. Garejoji da yawa na ba da shawarar sauyawa tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, ƙasa da haka ga motar da ke yawan shiga fili. Gwajin tsohon mai a ɗakin bincike yana nuna dalma da jan ƙarfe idan sun fara yawa, amma ba ya maye gurbin buɗewa a duba da ido. Idan aka bari har aka ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, galibi kirankshaf ya riga ya samu rauni.

Ana yin aikin ba tare da an sauke inji ba. A rataye shi ta sama da sandar riƙo, a sauke ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, a cire kaskon mai da famfon mai, sannan a bi sandunan ɗaya bayan ɗaya. Murfin kowace sanda nata ne ita kaɗai, ba a musanya shi, ba a kuma juya fuskarsa. Notocin iri biyu ne, na motocin farko da na baya, kuma ƙa'idar ɗaurinsu ta bambanta; dukansu ana ƙarasa su ne da ma'aunin kusurwa, ba da jin hannu ba. Na baya suna miƙewa idan an ɗaure su, don haka sababbi ake sawa. Bayan aikin ana lallaɓa injin na kimanin kilomita 2,000, kada ya wuce juyi 5,500, sannan a zubar da man.

VANOS

Wannan ita ce na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon juyin inji, tana zaune a goshin injin, tana aiki da mai mai matsin da ya kai kusan bar 100 a ma'aunin matsi. Famfonta yana samun juyi daga wasu kunnuwa biyu da ke jikin cibiyar kamshaf ta ɓangaren hayaƙi. Ramukan da kunnuwan ke shiga sun ɗan yi musu yawa, sai su riƙa bugawa har ɗaya ya karye. Guntun na iya faɗawa cikin sarƙar taimin, abin da kan kashe inji gaba ɗaya. Maganin shi ne faifan famfo mai matsattsun ramuka, da sabuwar cibiya idan tsohuwar ta tsage.

Notocin da ke riƙe da haƙoran kamshaf ma sukan kwance ko su karye, akwai kuma ingantattu da suka maye gurbinsu. Dalmar da ke cikin akwatin lantarkin na'urar tana tsagewa saboda zafi da jijjiga, sai motar ta rasa ƙarfi a ƙananan juyi, fitilar inji ta kama. Tunda sai an buɗe murfin kan inji ake ganin kunnuwan, an fi duba su ranar saitin bawul. Duk aikin da ya taɓa taimin yana buƙatar kayan kulle kamshaf na wannan injin.

Ƙarfen ƙafafun baya

Aksul da ƙafafun baya suna rataye ne a wani firam da aka ɗaure da noti huɗu a jikin falan-falan ƙarfen ƙasan but. Duk lokacin da aka taka totur ko aka saki kuloci da ƙarfi, firam ɗin yana murɗa wannan ƙarfe, gefe ɗaya ya ja ƙasa, ɗayan ya tura sama. Da shekaru sai ya tsage, yawanci daga mazaunin baya na hagu da na gaba na dama, ɗigon walda kuma su ɓalle a kusa da rijiyar taya. Matsalar ta shafi dangin E46 gaba ɗaya, ta kai ga shari'ar taron masu motoci a Amurka da aka sasanta a 2009.

Alamarta ƙara ce daga baya idan an sauya giya, amma sau da yawa babu alama sam. Ba a ganin tsagar sosai sai an sauke salansa, furofela da firam ɗin, an kankare fenti da kwalta har farin ƙarfe ya bayyana. A huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba, a yi mata walda, sannan a ɗora faranta na ƙarfafawa a mazaunai huɗun. Tankin fetur yana kusa, don haka ana sauke shi kafin a kunna wuta. A rufe wurin da maganin tsatsa ciki da waje. Wasu na manna farantan da gam mai ƙarfi maimakon walda, wasu kuma na ganin faranta kaɗai ba su isa ba sai an ƙarfafa ta cikin but. Tunda firam ɗin yana ƙasa, a lokacin ake sauya bushin ɗinsa da na aksul.

Giya

Akwai ta hannu mai shida, ƙirar Getrag, da SMG II, wadda ita ce dai wannan giyar amma famfon haidirolik ke taka kuloci ya sauya. Famfon da rilensa su ne suka fi lalacewa, musamman a zafi. Ana iya mayar da SMG ta hannu.

Shiri don filin tsere

Burki ne ke fara gazawa, ba inji ba. Motar ta haura kilo 1,500, burkinta na asali kuma fistin ɗaya ne a kowace ƙafa, faifan gaba milimita 325. Man burki yana shan danshi daga iska: sabon man burki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. Idan ya tafasa, feda takan nutse har ƙasa babu kamu. A titi ana sauya shi duk shekara biyu. Don fili ana zuba mai jure sama da digiri 300, a fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da famfon burki zuwa mafi kusa. Fad ɗin tsere yana jure zafi, amma yana kuka, yana cin faifai, kamunsa kuma ba shi da kyau da sanyin safiya, don haka da yawa sukan mayar da na titi bayan sun dawo. Bututun da ke kai iska ga faifan gaba ya fi manyan burki araha.

Tayoyin asali 225/45 ne a gaba, 255/40 a baya, a kan rim 18. Wannan bambanci yana sa gaban motar ya riƙa turjewa a kwana. Masu fili kan sa taya iri ɗaya a ƙafa huɗu, misali 265/35, su kwantar da saman tayoyin gaba ciki da digiri 2.5 zuwa 3 don kada gefen waje ya ƙone. Irin wannan saiti yana cinye gefen ciki a doguwar tafiyar titi. Iskar taya tana hawa idan ta yi zafi, saboda haka ana auna ta da zarar an fito daga fili. Notocin ƙafa ana ɗaure su a Nm 120 na ma'aunin ƙarfin ɗauri, a sake dubawa bayan sun huce. Shokazoba masu tsada ba sa amfani a kan mataccen bushin, musamman na hannun baya, wanda idan ya saki sai bayan motar ya riƙa karkata da kansa.

Kafin ranar fili ana duba lagireto, famfon ruwa, tamostat da kulocin fanka, domin robobinsu suna bushewa da tsufa. A cika mai zuwa layin sama, a riƙa dubawa tsakanin zagaye. Zagayen ƙarshe ana yin sa a hankali don komai ya huce, kuma ba a jan burkin hannu a kan faifai mai zafi.

Ƙarin ƙarfi

S54 ya fito daga masana'anta kusa da iyakarsa, doki sama da 100 a kowace lita, don haka ƙarin da ake samu kaɗan ne a kan kuɗi mai yawa. Wanda aka fi yi shi ne akwatin iska irin na CSL tare da sabon saitin kwamfuta, sai bututan hayaƙi irin na Turai ga motocin Amurka, inda doka ta yarda. Sauya haƙoran aksul daga 3.62 zuwa 3.91 ko 4.10 yana ƙara saurin tashi, amma injin zai riƙa juyi da yawa a babbar hanya. Akwai masu ɗora na'urar cusa iska, sai dai matsin silinda na 11.5 bai bar wuri mai yawa ba, kuma duk dokin da aka ƙara yana sauka ne a kan metal da ƙarfen ƙasan but.