Ɗora makirufo a gangunan bature

Ɗora makirufo a gangunan bature wani fanni ne na aikin situdiyo da ya shafi wane makirufo za a zaɓa da kuma inda za a kafa shi. Saitin gangunan ya haɗa babbar ganga da ake takawa da ƙafa, da ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta wadda ake kira sineya, da tom-tom, wato gangunan da ba su da wayoyi, da farantan ƙarfe, duk suna kusa da juna, shi ya sa kowane makirufo yake jiyo sautin maƙwabcinsa ko ba a so.

Tarihi

Kafin wajajen 1925 ba a ɗaukar sauti da lantarki, ƙaho ake amfani da shi, kuma ana cewa dukan babbar ganga yakan sa allura ta yi tsalle a kan faifai, sai a tura makaɗi can baya ko a ba shi katako ya riƙa bugawa. Ko da makirufo ya zo, an daɗe ana ɗaukar saitin gaba ɗaya da guda ɗaya ko biyu. A 1966 ne injiniyan sauti Geoff Emerick a situdiyon Abbey Road da ke Landan ya cusa rigar sanyi cikin babbar gangar Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar The Beatles, ya kuma matso da makirufo dab da ita, abin da dokar wurin ta hana don gudun kar ƙarfin iska ya lalata kayan aiki, to sautin ya fito da nauyi a dunƙule, wasu suka bi sahu.

A ƙarshen shekarun 1960 kuma aka san salon injiniyan sauti Glyn Johns, wanda ake cewa bisa kuskure ya gano shi yana aiki da ƙungiyar mawaƙa ta Led Zeppelin. Makirufo ɗaya a sama da sineya kamar mita ɗaya, na biyu a gefen babban tom na ƙasa yana kallon sineya, na uku a gaban babbar ganga, wani lokaci a ƙara na huɗu a kan sineyar. Sirrin shi ne tazarar na sama da na gefe daga tsakiyar sineya ta zama daidai, har da igiya ake aunawa. Gaskiya in makaɗi ya iya hannu kuma ɗakin na da kyau, wannan salo har yau da wuya a doke shi.

Zaɓi

Makirufo nau'in dainamik, wanda ba ya buƙatar a ba shi wuta, ya fi jure duka, shi ake kaiwa kusa. Shure SM57 da ya fito a 1965 ya zama na sineya, Sennheiser MD 421 na 1960 kuma na tom-tom, babbar ganga sai irin su AKG D112. A sama ana rataye makirufo nau'in kondensa guda biyu, masu buƙatar wuta bolt 48 daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ko nau'in ribon irin Coles 4038 in farantan sun cika ƙara.

Kafawa

Na sineya ana ajiye shi kamar yatsa biyu zuwa uku sama da bakin gangar, a karkace, bayansa na kallon farantan da ake takawa, kuma a kauce wa hanyar sanda. Na babbar ganga in aka tura shi ciki kusa da inda guduma ke bugu sai a samu kaifi, in aka ja shi waje nauyi ya ƙaru. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bugu ɗaya yana isa kowane makirufo a lokaci daban, in aka haɗa su sai wani ya cinye wani, gangar ta koma siririya. Wanda ya sa makirufo a ƙasan sineya dole ya juya fuskar siginar a mikisa, don kar sautinsa ya cinye na makirufon da ke samanta.

A yau

Yawanci ana sa makirufo takwas zuwa goma sha biyu, a gyara sauran a kwamfuta. Akwai saɓani kan ko yawan makirufo na ƙara kyau ko yana kashe sautin ɗaki.